Batirin litiyam: a duba takardar jikinsa, a kuma sauya saitin inbata

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a shafinku na kimiyya da fasaha don in ja hankalin masu karatu kan batirin sola. Tun da aka kai kuɗin wutar 'yan Band A, rukunin da ya fi samun wuta, naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, sannan Arewa ta shafe sama da mako cikin duhu a Oktoban shekarar bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, mutane suka yi caa kan sola. Wanda duk ke da hali yanzu litiyam yake nema, ya daina waiwayar batir mai ruwa da ake kira tubula. Zaɓin ya yi kyau. Matsalar ita ce da yawa na sayen batirin zamani su ɗora shi kan saitin tsohon yayi, kafin shekara ta zagayo a ce kayan jabu ne.

Nau'in da ake sa wa a gidaje shi ne LiFePO4, wanda aka fara bayyana shi daga ɗakin binciken John Goodenough a Jami'ar Texas a Amurka cikin shekarun 1990. Ya fi na waya da na kwamfuta jure zafi, kuma da wuya ya kama wuta. Kuɗinsa ma ya sauko ƙwarai a kasuwar duniya, faɗuwar naira ce ta hana mu gani.

Lissafin ba wuya. Tubula huɗu masu 12V (bolt 12) da 200Ah (ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka) sun tara yunit 9.6 a rubuce (yunit ɗaya wat 1,000 ne na awa ɗaya), amma rabi kawai ake sha, wato 4.8, in ba haka ba su mutu da wuri. Litiyam mai 51.2V da 100Ah yunit 5.12 ne, kuma ana iya shan kashi 90 cikin ɗari, kusan 4.6. Ke nan akwati ɗaya da ake rataye a bango ya kusa tsaya wa manyan batura huɗu, babu ƙarin ruwa, babu warin asid.

To, a nan ne duba takarda ke da amfani. Kowace ƙwayar da ke ciki, wadda masu sana'a ke kira sel, 3.2V ce. Guda 16 su ne ke ba da 51.2V. Akwai kuma masu ƙwaya 15, waɗanda aka rubuta wa 48V daidai, yunit 4.8. Ba jabu ba ne, amma a shago duka biyun "faif kilowat" ake ce musu, kuɗin ma sau da yawa ɗaya. A ɗauki gida mai fanka uku masu wat 70, ƙwan fitila takwas masu wat 10, da talabijin mai wat 80. Wat 370 ke nan, awa goma yunit 3.7. A ƙara abin da inbata kanta ke ci ko ba a kunna komai ba, da asarar juya wuta, an doshi 4.4. Mai ƙwaya 16 zai kai asuba da ƙyar, mai 15 kuwa fanka za ta tsaya kafin kiran salla.

Babbar ɓarnar tana wajen saiti. Ƙwayar litiyam ba ta son wuce 3.65V. Ga mai 16 iyakar 58.4V ce, kuma 56 ta wadatar a caji na yau da kullum. Ga mai 15 iyakar 54.75V ce. In mai haɗawa ya bar inbata kan 57.6V na tubula, kowace ƙwayar mai 15 za ta so haura 3.8V. Abin da ke cetonta shi ne allon tsaro da ke ciki, BMS, wanda zai riƙa datse caji kullum da tsakar rana. Mai gida sai ya ga batir na "ɗaukewa" bai san dalili ba. Akwai kuma cajin da inbata ke yi wa tubula lokaci-lokaci don daidaita batura, wanda kan kai 60V. Wannan dole a kashe shi gaba ɗaya.

Ta ƙasa ma haka. Saitin tubula kan bar batir ya sauka har 42V kafin inbata ta tsaya. Litiyam mai 16 a tsayar da shi wajen 48V. In aka bar shi ya zurma, BMS zai rufe, batirin ya yi barci, wasu inbatocin kuma ba sa tashi sai sun ga wuta daga batir. Sai a wayi gari rana ta fito, farantin sola na kawo wuta, amma komai shiru har sai an zo an tashe shi da caja ta daban.

Kada a yarda da sandunan da ke nuna cikar batir a kan fuskar inbata. Litiyam mai 16 kan zauna tsakanin 51 da 53V kusan tsawon dare, don haka inbatar da ke auna cikarsa da bolt za ta nuna cike, can kuma ta nuna fayau. Maganin shi ne wayar sadarwa tsakanin batir da inbata, ta ramin CAN ko RS485. A tambaya tun kafin biya ko na'urorin biyu na jin yaren juna, domin shigar waya cikin ramin ba ya nufin sun fahimci juna.

Sai ƙarfin ja. Yawancin masu 100Ah ba sa ba da fiye da amfiya 100 a lokaci guda, kusan wat 5,000. Firiza da injin ruwa da na'urar sanyaya ɗaki kan ja ninkin ƙarfinsu sau uku ko fiye a daƙiƙar tashi, BMS ya ga kamar an haɗa waya ne, ya datse. Mai irin waɗannan kaya ya haɗa batir biyu iri ɗaya, da wayoyi masu tsawo ɗaya, bayan an cika kowanne shi kaɗai. Wayar batir kada ta gaza 25mm², a kuma sa fis ko bireka ta DC, wato ta wutar batir, a kusa da shi, ba irin ta wutar NEPA ba. Haɗa litiyam da tsohuwar tubula a layi ɗaya "don kada a yi asara" kuwa asarar duka biyun ce.

Zafin watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi kan haura digiri 40 a inuwa, balle cikin sito mai rufin kwano. Litiyam zai yi aiki a haka, amma yana tsufa da wuri. A rataye shi a ɗakin da iska ke ratsawa, nesa da bangon da rana ke duka da yamma, a bar masa tazarar taƙi ɗaya ta kowane gefe.

Ina roƙon ku buga wa masu karatu hoton takardar jikin batir, ku zagaye inda ake rubuta 48V ko 51.2V, da inda kamfani ya faɗi iyakar caji. Mai gida ya riƙe waɗannan lambobi, ya tsaya a kan mai haɗawa har ya ga an shigar da su a inbata kafin ya sallame shi.

Naku,
Mai karatu daga Kano