Zuwa ga Gwamnan Kano: a fara duba ƙarfen da ke saman kanmu kafin allon mai shago

Assalamu alaikum Mai girma Gwamna, Injiniya Abba Kabir Yusuf, Allah ya taya riƙo.

Ni mai walda ne, tun ina yaron shago wannan ce sana'ata, kuma rabin abincina daga allo yake fitowa, ƙaramin sayinbod na tela da mai kemis da mai cajin waya, jefi-jefi kuma a kira mu aikin manyan bilbod ɗin nan na bakin titi. Da na ji ka sa hannu a dokar kafa hukumar kula da alluna da tallace-tallace a 2025 wallahi na ji daɗi, don garin nan ya daɗe yana buƙatar mai tsawatarwa, Legas tun 2006 suka kafa tasu. Amma ranka ya daɗe akwai abin da nake tsoro, kar dokar ta ƙare a kan yankan rasit, a bar inda haɗarin yake.

Kai injiniya ne, ka riƙe kwamishinan ayyuka, ka fi ni sanin wannan. Babban allo da aka ɗaure wa fuleks, wato ledar nan da ake buga hoton talla a kai, ba ya barin iska ta wuce, tare ta yake gaba ɗaya, kuma in gudun iska ya ninka biyu to ƙarfin da take tura allon da shi ninki huɗu yake yi. Mu a Kano mun san irin guguwar da ke zuwa da farkon damina wajen Mayu da Yuni, wadda take yaye kwanon gida ta karya turken wuta. To yanzu a bi titin Zariya da Zoo Road da Kabuga da Murtala Muhammad Way a ɗaga kai sama, wa ya san shekarar da aka kafa kowanne, wa ya san zurfin ramin da aka zuba kankare, wa ya taɓa hawa ya duba noti da waldar da ke riƙe da shi? Ƙarfe daga gindi yake ruɓewa, daidai inda ya haɗu da ƙasa ruwa yana kwanciya, sama fes da sabon fenti da hoto mai kyau, ƙasa kuwa tsatsa ta cinye. Ni da kaina an sha kawo min aiki a ce in sa siririn ƙarfen angul a inda ya kamata a sa mai kauri saboda a rage kuɗi, in na ƙi sai a kai wa wani, kuma za a samu mai yi don kowa na neman na cefane, babu wata takarda da za ta hana.

Ba zance nake ƙirƙira ba. A ranar 13 ga Mayun 2024 a Mumbai ta Indiya iska ta kayar da wani allo kan gidan mai inda mutane suka fake wa ruwa, mutum 17 suka mutu, sama da 70 suka ji rauni. Allon ƙafa 120 ne tsawo 120 faɗi alhali abin da aka yarda da shi a garin ƙafa 40 da 40 ne, wato ya ninka sau tara kenan, kuma yana tsaye kowa na gani har ranar da ya faɗo. A ƙarƙashin namu allunan wa ke zama? Mai shayi, mai facin taya, ƴan adaidaita masu jiran fasinja, almajirai masu neman inuwa. Allah ya kiyaye, amma ai an ce rigakafi ya fi magani.

Shi ya sa nake roƙo duk babban allo kar a ba shi izini sai injiniya ya sa hannu a zanensa, a liƙa lamba da sunan kamfanin da ranar da aka duba shi a jikin turken yadda kowa zai iya karantawa, a dinga dubawa duk shekara kafin ruwa ya sauka, a kuma tilasta inshora. Wanda ya matse wayar wuta ko ya kare wa direba hanya a shataletale a cire shi ko na waye. Su ma masu hasken nan kamar talbijin a sa su rage haske da daddare, in ka taho a babur idonka har wani duhu-duhu yake gani bayan ka wuce.

Sai kuma maganar ƙananan mutane, wadda ita ce ta fi ci min rai. Maƙwabcina tela ne, na yi masa allo ɗan ƙafa uku da biyu a saman ƙofar shagonsa, sunansa kawai da lambar waya. Wasu suka zo da rasit ya biya, ba a jima ba wasu daban suka zo da nasu rasit ɗin suka ce wancan ba nasu ba ne, da ya tsaya bayani sai suka ɓalle allon suka jefa a mota. Bai san ma ina zai bi ba, haƙura ya yi. Na san tsarin mulkin 1999 a jadawali na huɗu ya sa kula da tallan waje cikin ayyukan ƙananan hukumomi, yanzu ga jiha ma ta shigo, to dan Allah ku zauna ku daidaita a tsakaninku ku raba kuɗin yadda kuka ga dama, amma mai shago ya biya sau ɗaya a wuri ɗaya ta banki, a buga farashin da Hausa a karanta a rediyo kowa ya ji. Kuma gaskiya a ganina sunan shago a jikin shago ba talla ba ne, adireshi ne, bai kamata a haɗa shi da allon kamfanin waya ko banki ba, in ma za a karɓa ya zama ɗan kaɗan.

Na ƙarshe kuma na san ba zai yi wa kowa daɗi ba, ƴan siyasa. Ga 2027 na tafe, an fara. Fosta a jikin gada, fosta a ƙofofin gari masu tarihi, fosta a kan alamar hanya har ta rufe rubutun, banna a ɗaure da turken fitila a bar ta har rana ta cinye ta yage ta faɗa kwata ta toshe ruwa. Ba jam'iyya ɗaya nake nufi ba, duk ana yi, har da masoyanka ranka ya daɗe. In hukumar ta iya ɓalle allon tela ta kasa taɓa na ɗan takara to babu wanda zai ɗauke ta da daraja. A ware wuraren liƙawa, duk mai son kafawa ya ajiye kuɗin kwashewa tun farko, in zaɓe ya wuce bai cire ba a cire da kuɗinsa. In aka fara sauke masu hotonka da aka kafa ba bisa ƙa'ida ba, sauran ba su da bakin magana.

Mu masu walda muna nan, mun san waɗanda aka yi da ƙarfen kirki da waɗanda aka yi ha'inci, in an kira mu zagayen dubawa kafin watan Mayu za mu zo da tsaninmu.

Naka,
Wani mai walda daga cikin gari.