Barka da Sallah daga garin jar ƙura

Port Hedland, Yammacin Ostareliya
Ranar Babbar Sallah

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da Umma da kowa da kowa a gida, ina yi muku barka da Sallah. Allah ya karɓi ibada, ya maimaita mana ta baɗi da rai da lafiya. Yanzu haka mun idar da la'asar a nan, ku kuwa na san ana ta haramar tafiya filin idi, tunda da awa 7 muka riga ku. Yaya ta turo mini hoton ragon tun shekaranjiya. Ma sha Allah, Kawu ya iya ciniki, ban zaci kuɗin zai kawo mai ƙaho haka ba. A ba Goggo cinya guda da sunana.

Na sami idi, amma da ƙyar, kuma jirgin ƙasa ne ya so ya ja mini. Na san wannan zai ba ku dariya.

A nan ba a ba da hutun Sallah, sai da na roƙi rana ɗaya tun wata guda da ya wuce. Bayan asuba na saka farar shaddar da Umma ta aiko, muka ɗauki hanya ni da wani abokin aikina ɗan Muritaniya. Muna isowa inda titin mota ya gitta layin dogo sai ƙararrawa ta fara kaɗawa, jar wuta ta kama, aka sauke sanda. Na ce masa ai yanzu zai wuce. Ya dube ni kawai ya kashe mota. Baba, sai na samu kaina ina ƙirga taragu da ƙarfi, yadda kuka koya mana muna yara in mun kawo muku abinci tashar Jos. Wancan lokacin in muka kai 20 sai mu yi ta tsalle. Yau na wuce 100, na wuce 200, sai a 268 na tsaya. Kan jirgin ya daɗe da ɓacewa, wutsiyar ba ta ma ɓullo ba, tsawonsa ya doshi kilomita 3. Kowane tarago shaƙe da jar tama sama da tan 100, ƙasa tana girgiza har cikin haƙoran mutum. Muna shiga masallaci liman yana cikin kabbarorin raka'ar farko. Shaddar kuwa kada Umma ta ji, kafin mu dawo ta koma kalar jan bulo. Ƙurar tama ba ta barin komai a garin nan, har tsuntsaye da rufin gidaje.

Masallacin yana South Hedland, yawancin masu sallah a ciki Malayawa ne da iyayensu suka zo aiki daga tsibiran Kirsimeti da Kokos. Mutanen kirki. Sun ba mu shinkafa da aka dafa a cikin saƙaƙƙen ganye da nama mai kwakwa. Na ci na gode, amma raina yana wajen masar Umma da miyar taushe.

Wannan da ya tsare mu fa na yau da kullum ne, irinsa suna shigowa dare da rana. Wanda ake ba da labarinsa shi ne na ranar 21 ga Yuni, 2001, da kamfanin BHP ya haɗa don gwaji. Taragu 682, kawunan jirgi 8 a rarrabe a jikinsa, tsawo kilomita 7.3, nauyi tan 99,734. Ya taso daga mahaƙar Yandi zuwa nan, tafiyar kilomita 275, kuma direba ɗaya tal ke riƙe da shi, sauran kawunan suna karɓar umarni ta rediyo. Ku auna daga Terminus a nufi Bukuru: kansa zai kusa rabin hanya alhali wutsiyarsa tana tasha. Har yau ba a yi wanda ya fi shi ba. Ku da kuka san aikin za ku gane cewa wahalar ba ta ja ba ce. Jirgi mai wannan tsawo, gabansa yana gangara bayansa yana hawa tudu, in aka taka birki ba a tare ba sai ƙarfen da ke haɗa taragu ya tsinke. Shi ya sa ake raba kawunan a tsakiya maimakon a tara su gaba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai da na zo shi ne sauke kayan. Ba a kwance tarago, ba lebura, ba shebur. Jirgin zai shiga wata rumfa a hankali, wani ƙaton inji ya damƙi taragu biyu ya kifa su kamar yadda Umma ke juye tuwo daga mara, ya mayar da su kan diga, a jawo na gaba. Daga nan bel ya kwashi tamar zuwa jiragen ruwa, yawancinsu Sin suka nufa. Wani kamfanin ma, Rio Tinto, nasa jiragen ba direba a ciki sam, daga wani ɗaki a birnin Perth ake lura da su, nisan kusan kilomita 1,500. Na tuna ku da fitilar hannu da tutoci biyu, ja da kore, kuna tsaye cikin sanyin Disamba.

To amma ga abin da nake ta juyawa a rai tun safe. Duk wannan layin dogo, duk wannan tsawo, babu tarago ko ɗaya na fasinja. Ko kujera ɗaya. In zan je Perth sai dai jirgin sama, ko in zauna a mota kilomita 1,600. Don tama aka shimfiɗa digar, ba don mu ba. Sai na tuno abin da kuke yawan faɗa, cewa Bature bai kawo jirgi Jos don yana son ganin fuskarmu ba, kuza ya biyo. Da can a ka 'yan dako ke fitar da ita. Sai aka jawo siririn layin nan daga Zariya wajen 1914, sannan babban ya iso ta Kafanchan a 1927, aka rufe ƙaramin a 1957, tsofaffin kawunansa suka ƙare a gidan tarihi muna hawa muna wasa. Da kuza ta ja baya, muka ga yadda tashar ta bi ta a hankali, aka bar mu da kududdufai. Na ga irin ramukan a nan, sai dai nasu sun ninka namu ba adadi.

Duk da haka ni dai a ganina namu ya fi albarka. Don kuza aka yi shi, amma ya ɗauki mutane. A cikinsa aka kai Umma Gombe ganin gida da goyon Yaya, a cikinsa dankalin Turawa da tumatir suke sauka Fatakwal, kuma mata nawa suka aurar da 'ya'ya da tallan doya da rake a tashar Kafanchan? Kun sha ba mu labarin lokacin da Indiyawa suka riƙe Reluwe, wajen 1979, har mutum ya saita agogo da kukan jirgi. Na nan ba mai ɗaga masa hannu, ba mai jiran wani a tasha.

Abokin nan nawa ya ce nasu na Muritaniya ya raba gardama. Shi ma na tama ne, yana tasowa daga Zuwerat ya ratsa Sahara kilomita 704 zuwa Nuwadibu a bakin teku, tsawonsa ya haura kilomita 2. Amma a da talaka kan ɗare saman tamar kyauta, da awakinsa da buhunansa, ya naɗe fuska da rawani. Da rana zafi, da dare sanyi mai shiga ƙashi. Ya ce yana saurayi ya hau, suka tona rami a cikin tamar suka hura gawayi suka dafa shayi. Da suka sauka uwarsa ba ta gane shi ba sai da ya yi magana.

Akwai na fasinja a ƙasar nan masu dogon zango, amma na masu hannu da shuni ne. Indian Pacific yana tafiya daga Sidni zuwa Perth, kilomita 4,352, kuma a filin Nullarbor akwai inda digar ta miƙe kilomita 478 ba ko 'yar kwana. Kuɗin kujerarsa sai ya sayi raguna da yawa, don haka a hoto nake kallonsa. Wanda ya fi shiga raina shi ne The Ghan, daga Adelaide zuwa Darwin, kilomita 2,979. Sunan daga Afganawa ya samo asali. Tun wajen 1860 aka riƙa kawo Musulmi masu raƙuma daga Afganistan da yankin da yanzu yake Pakistan, su ne madugan da suka yi ta jigilar ruwa da abinci da kayan aiki cikin hamada, har da kayan shimfiɗa digar da ta zo ta raba su da sana'arsu. Da jirgi da mota suka karɓe aikin sai aka saki raƙuman a daji. Jikokin raƙuman suna nan suna yawo ba mai su, na ga garke guda da idona a hanyar mahaƙa, na ce ina ma a ce Jos ne yau, mutum bakwai bakwai a yi layya. Masallacin Perth da nake Juma'a in na sauka hutu, masu raƙuman nan ne suka tara kuɗi suka fara gina shi a 1905. Duk sanda na shiga sai na yi musu addu'a, don su ma Sallah nawa suka yi nesa da iyayensu.

Baba, ƙafar fa? Yaya ta ce kun daina shan maganin da kuka ji sauƙi. Don Allah a ci gaba, na tura mata kuɗin wata uku. Ragowar na goron Sallar yara ne, a raba har da 'ya'yan maƙwabta. A gaya wa Umma kada ta wahalar da kanta da dambun nama ko soye ta ce za ta ba wani ya kawo mini, ba a shigowa da nama ƙasar nan, a filin jirgi za a karɓe har a ci mutum tara.

Na ɗauki jirgin na safe a waya tun daga kai har wutsiya. Auta zai nuna muku in an gama fiɗa, ku ƙirga da kanku ko na yi kuskure. Shi kuma ya ɗaukar mini hoton tsohuwar fitilarku ta aiki da ke rataye a zaure, akwai wani dattijon makaniki a wurinmu da na ba labarinta, ya ƙi yarda da kananzir take aiki. Zan kira bayan kun yi azahar, kafin in kwanta, gobe da asuba ina kan aiki.

A gaida Kawu da Goggo da Malam Liman da duk mutanen Gangare. A sa ni a addu'a.

Wassalam,
Ɗanku