Wasiƙa Zuwa ga Aminiyata a Sikotlan

Jekadafari, Gombe.

Aminiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, jiya da la'asar Yaya ta shigo ta shaida mini abin da likitoci suka gano a jikin autarki, kuma tun lokacin hankalina bai kwanta ba. Ta ce abin ya faro da dishi-dishi a ido ɗaya da sagewar ƙafa, har hoton ƙwaƙwalwa ya nuna cutar MS ce, wadda garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa rigar da ke lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne.

Abin da ya hana ni barci shi ne maganar da aka ce kina yi, wai laifinki ne da kika raine ta a ƙasar da rana ke rowa. Gaskiya ne fata tana ƙera bitamin D idan rana ta taɓa ta, kuma cutar ta fi yawa a ƙasashen sanyi, Sikotlan ma tana sahun gaba. A 2006 wani bincike kan jinin sojojin Amurka ya nuna masu wadataccen bitamin D ba su cika kamuwa ba, kodayake a tsakanin fararen fata ne hakan ya fito fili. Amma a 2022 an sake duba bayanan sojoji fiye da miliyan 10, aka ga ƙwayar cutar Epstein-Barr, wadda kusan kowa ke ɗauke da ita, tana ninka haɗarin sau 32. Ga gado, ga kuma kasancewarta mace, domin cutar ta fi kama mata. Ta ina uwa za ta tare waɗannan duka?

Ko mu da ranar Gombe ke gasa mu, na san matan da ke wuni a ɗaka, in sun fita kuma daga fuska sai tafin hannu. Ni kaina yanzu nakan shimfiɗa tabarma a tsakar gida da hantsi, in naɗe hannun riga ina tsince shinkafa.

Roƙona gare ki, kada ki bari wani ya sa ta ajiye maganin asibiti ta koma ga bitamin D kaɗai. Gwaje-gwajen da aka yi sun saɓa wa juna, wasu sun ga ɗan amfani, wasu ba su ga komai ba, kuma yawan shansa yana tara sinadarin kalsiyam a jini ya illata ƙoda. A auna jininta, likita ya yanka mata adadi. Ke ma, na san halinki da ƙin magani, hukumomin lafiya na can sun shawarci masu baƙar fata su sha maikurogiram 10 na bitamin D kullum, rani da damina.

Ki rungume mini ita, ki faɗa mata ran Juma'a zan kira bayan Magariba tamu.

Taki har kullum.