A ƙirga motocin kafin a sa hannu a takardar gini

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni ɗan fili in faɗi wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda ake ba da izinin gina manyan kantuna da filazoji da kasuwanni a bakin titi ba tare da an zauna an tambayi inda motocin da za su zo wurin za su bi ba. Ni fa ba na adawa da kasuwanci, ko kaɗan. Duk inda aka buɗe babban kanti yara sun samu aiki, gwamnati ta samu haraji, filayen unguwa sun yi daraja, wannan kowa ya sani. Amma a rana ɗaya da aka yanke ƙyalle kuma mutanen unguwar suke fara biyan wani haraji da ba wanda ya rubuta musu, tafiyar minti goma ta koma ta awa guda, ƙofar gidan mutum ta zama wurin fakin, yaro ba ya iya tsallaka titi ya je makaranta, motar asibiti tana ta jiniya a baya ba hanyar wucewa.

Abun da ke ba ni takaici shi ne lissafin nan ba wuya gare shi ba wallahi. Masana tsara birane suna da aikin da suke yi kafin a tona ko rami ɗaya, a ƙirga motocin da ke bin titin yanzu safe da yamma, a ƙiyasta nawa sabon ginin zai ƙaro gwargwadon girmansa da irin cinikin da za a yi a ciki, sannan a duba mahaɗar da ke kusa ko za ta iya ɗauka. Kuma sau da yawa ba faɗin titin ne ke kashe mutane da gosulo ba, ƙofar shiga ce. In aka sa get daf da shataletale ko danja, mota ɗaya ta tsaya za ta karya kwana ta shiga sai layin baya duk ya tsaya, ga tirela ta zo sauke kaya da rana tsaka babu wurin lodi a ciki sai ta tare hannu guda, ga motocin haya suna sauke fasinja a nan bakin ƙofa saboda ba a ware musu wurin tsayawa ba, shi kenan titin da aka yi don motoci biyu a jere ya koma na ɗaya.

Idan an yi ƙorafi amsar kullum ita ce za a faɗaɗa titi, za a yi gadar sama. To a tambayi mutanen Houston ta jihar Texas a Amurka. A 2008 aka gama faɗaɗa babban titinsu na Katy, wasu wuraren har layi 26 in aka haɗa da na gefe, amma cikin ƴan shekaru cunkoson safe da yamma ya dawo, saboda da mutane suka ga hanya ta buɗe sai wanda ba ya fitowa da mota ya fara fitowa, masu gini kuma suka bi bakin titin suka cika. Seoul ta Koriya ta Kudu kuwa akasin haka ta yi, a 2003 ta fara rushe doguwar gadar sama da ke kan rafin Cheonggyecheon, ta gyara tsarin bas ɗinta, kuma garin bai tsaya cak ba yadda aka yi ta tsoro. Singafo tun 1975 take karɓar kuɗi a hannun mai shiga tsakiyar gari da mota a lokacin cunkoso, Landan ta bi sahu a 2003. Ban ce kowane gari ya kwafi wannan ba, inda babu bas mai kyau zalunci ne a ce talaka ya biya kuɗin shiga gari.

Abun da nake so hukumomin tsara birane su riƙe guda ɗaya ne, wanda zai kawo taron shi zai ɗauki nauyinsa. A Ingila dokar tsara gari ta 1990, sashe na 106, ta ba ƙaramar hukuma damar ɗaure mai gini da yarjejeniya cewa zai biya kuɗin gyaran hanya ko wani abun da ginin nasa zai jawo buƙatarsa, kafin a ba shi izini. Me zai hana a yi haka ko'ina? Mai filaza ya yi fakin a cikin filinsa ba a kan titin jama'a ba, ya yi wurin sauke kaya ta baya, manyan motoci su zo da dare ko da asuba, ya bar hanyar masu tafiya a ƙasa da wurin tsayawar bas, in mahaɗa na buƙatar danja ya saka. Kuma a gama duk wannan kafin a ba shi takardar buɗewa, domin in aka bari ya fara ciniki to sai dai a yi ta bin sa da wasiƙa, fakin ɗin da ke cikin zanen ma sai ka tarar an mayar da shi shaguna.

Sannan don girman Allah a riƙa kiran mutanen unguwa tun zane yana kan takarda, ba sai an kai linta ba. Su suka san wane lungu ne direbobi za su mayar hanyar yanke in babban titi ya toshe, su suka san ƙarfe nawa ake tashin ɗalibai. Shi kansa ɗan kasuwan riba ce gare shi, don kwastoman da ya yi minti arba'in yana neman inda zai ajiye mota gobe wani wuri zai nufa.

Na gode da wannan dama, Allah Ya ƙara wa jaridar nan albarka.

Naku,
Wani mai karatu.