Amsa ga Likitan da Ya Tambaye Ni Batun Rage Kayan Sito a Asibiti

Likita, ina gaisuwa tare da fatan alheri.

A gaban jama'a ka tambaye ni: tunda tsarin kawo kaya daidai lokacin buƙata yana rage kashe kuɗi, me ya hana asibitoci su daina tara kaya a sito baki ɗaya, kuma shin majinyaci yana gani a ƙasa? Lokaci bai ba ni damar amsa ka yadda nake so ba, shi ya sa na rubuto.

Da farko, ina tare da kai a kan ribar. Na yi shekaru ina kula da sito, kuma har yau raina yana ɓaci idan na tuna katan-katan na magani da muka zubar saboda wa'adinsu ya ƙare a bayan kanta, babu wanda ya san suna nan. Kayan da ke jibge kuɗi ne a kwance: ana biyan wurin ajiyarsu, da sanyaya su, da mai ƙirga su, sannan a yi asarar wasu. Wannan ɓarnar ce Taiichi Ohno ya yaƙa a kamfanin motoci na Toyota bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma asibitin Virginia Mason na Amurka ya ɗauko hanyar a 2002.

Batun gamsuwar majinyaci kuwa, daga ma'aikaciyar jinya yake farawa. A ajiye mata akwati biyu na safar hannu ko sirinji. Na farko yana ƙarewa ta miƙa wa sito katin da ke jikinsa, ta ci gaba da na biyu kafin a ciko. Ba ta ƙara barin gadon mara lafiya tana yawon neman auduga, ba ta kuma ɓoye kaya a loka don tsoron yankewa. Majinyaci bai san sunan tsarin ba. Abin da ya sani shi ne an wanke masa rauni a kan kari, ba a ɗage masa tiyata ba.

Inda muka rabu shi ne kalmar "baki ɗaya". Idan ka rage sito, ka jingina rayuwar majinyatanka ne ga alƙawarin mai kawo kaya, shi ma kuma yana jingine da wani. A watan Satumba na 2024 guguwar Helene ta sa ambaliya ta rufe masana'antar Baxter a jihar Karolina ta Arewa, wadda ke samar da kusan kashi 60 cikin ɗari na ruwan da ake ƙara wa marasa lafiya a Amurka. Asibitoci suka koma tsimin ledar ƙarin ruwa, wasu suka ɗage ayyukan tiyata. Irin haka ya faru a 2017 bayan guguwar Maria, sannan kowa ya ga yadda takunkumin rufe fuska ya yi wuyar samu a 2020. Masana'antar mota tana iya tsayar da aiki ta jira. Mai zubar da jini ba ya jira. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Don haka ni raba kayan nake yi. Abin da ake amfani da shi kullum, mai madadi, mai masu sayarwa da yawa, a bar shi ya riƙa zuwa kaɗan-kaɗan. Abin da rashinsa na kisa, ko wanda masana'anta ɗaya ko biyu kaɗai ke yi, kamar ruwan ƙari, iskar oksijin da magungunan gaggawa, a ajiye na makonni, a riƙa fara amfani da wanda wa'adinsa ya fi kusa, kuma a ƙulla da mai kawowa na biyu tun ana zaman lafiya.

Ka ɗauko jerin kayan sashenka, mu zauna da mai harhaɗa magani da shugabar ma'aikatan jinya, mu bi su ɗaya bayan ɗaya muna tambaya: idan wannan ya yanke kwana uku, wa zai cutu?

Naka,
Tsohon jami'in sito