Godiya ga nas-nas na ƙaramin asibitin unguwarmu

Assalamu alaikum, Malamai.

An share makokin Innarmu, baƙi sun watse, sai yanzu na samu natsuwar yi muku godiya, kuma a bainar jama'a nake so in yi ta.

Ranar da likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suka zaunar da mu suka ce sankarar mama ta riga ta bazu, mun dawo Mabera da ledar magani, ba mu san ta inda za mu fara ba. Ni a tunanina aikin asibiti ya ƙare. Ashe akwai sauran jinya ko da warkewa ta faskara, kuma a hannunku muka gan ta.

Sista babba ce ta fara zuwa gida bayan ta tashi aiki. Ta tarar muna ɓoye ruwan mofin, wato maganin rage zafin ciwo mai ƙarfi da likita ya rubuta, sai Inna ta yi kuka muke ba ta, don tsoron kada ta saba. Ba ta yi mana faɗa ba. Ta zana mana lokuta a bayan kwali, duk bayan awa 4, ta ce ba a jiran ciwo ya taso. Ta kuma gargaɗe mu cewa maganin yana ɗaure ciki, ta nuna mana abin yi. A daren nan Inna ta yi barci, mu ma haka.

Ku kuka koya wa ƙannena mata juya ta duk awa 2 saboda gyambon kwanciya, da wanke mikin ba tare da yamutsa fuska ba, da jiƙa mata leɓe da auduga lokacin da haɗiya ta gagara. Wanda ya san zafin Afrilu a Sakkwato ya san abin da nake nufi. Kullum sai kun nemi izininta kafin ku ɗaga zane, kuna ce mata Inna kamar ita ta haife ku.

Da numfashinta ya sauya, ba ku rufe mu ba. Kun ce a kira na nesa. Yayarmu ta iso daga Tambuwal, ita ta laƙƙana mata kalmar shahada.

Ina roƙon Hukumar Lafiya a Matakin Farko ta Jihar Sakkwato ta dubi wannan aiki, don da kuɗin aljihunsu waɗannan nas-nas suke hawa Keke Napep zuwa gidajen marasa lafiya.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya jiƙan iyayenku.

Naku,
Babban ɗan marigayiya,
Mabera, Sakkwato