Masu kamfanin ƙanƙara, iska ce ke cinye muku kuɗin wuta

Assalamu alaikum Edita. Dan Allah a bani fili in yi magana da masu kamfanin ƙanƙara da kolrum na kifi da nama anan Gombe, musamman masu manyan injina masu aiki da amoniya, wato gas ɗin da ke kawo sanyin.

Zafi na shigowa sai kuka ya tashi, ƙanƙara bata kamawa, kwamfaresa sai zafi, sai Alhaji yace a ƙara gas. Ranka ya daɗe ba kullum gas bane matsalar, sau da yawa iska ce ta shiga layin bututun gas ɗin. Amoniya in ta isa kwandensa tana komawa ruwa, ita kuwa iska bata komawa, sai ta taru a kwandensa da tankin risiba (inda ruwan amoniyar ke taruwa) ta tare wuri, firesha ya hau, injin yayi ta wahala yana shan wuta da dizal a banza, man kwamfaresa ya ƙone, bawul ya lalace. Gashi tun Afrilun 2024 aka ƙara wa ƴan Band A kuɗin wuta, wlh abin da ciwo.

Ta ina take shiga? Galibi wajen gyara, yaro ya buɗe layi ya ɗaure bai ja bakyum ba, wato bai zuƙe iskar da ta shiga ba, dan ana sauri. Kuma amoniya tana tafasa ne a digiri 33 ƙasa da sifili, in injin na aiki ƙasa da haka firesha na cikin layi yana faɗuwa ƙasa da na iskar waje, to shi da kansa yake zuƙo iska ta sil ɗin da ya saki.

Abin da ya fi damuna yadda ake fitar da ita, a kwance bawul da sifana gas na fita fuuu, idon yara na hawaye, maƙwabta na tari, amoniyar da aka saya da tsada ta bi iska. Alhali akwai na'urar faja da aka yi dan wannan aikin, tana jawo gas ɗin daga inda iskar ke taruwa ta sanyaya shi, amoniya ta koma ruwa ta koma layi, iskar kuma ta fita ta cikin kwalbar ruwa, kana tsaye kana ganin kumfa na tashi ɓul-ɓul, ruwan kuma ya shanye ɗan abin da ya biyo ta.

Gwajin ba wuya, a kashe kwamfaresa a bar fankar kwandensa tayi ta juyawa har ya huce, sannan a duba geji a haɗa da jadawalin amoniya mai nuna firesha da ya dace da kowane zafi, in firesha ya wuce abin da zafin wurin ya nuna to akwai iska. Ku sa makanikanku suyi wannan kafin azumi, in akwai, a nemo faja a ɗaura.

Naku, wani mai gyaran injin sanyi, Tudun Wada, Gombe.